Ajin La'asar: Tarihin Yaƙi da Jahilci a Ƙasar Tsafe da Gusau

Matafiyin da ya baro Funtuwa ya doshi Gusau, da ya wuce 'Yankara ya bar ƙasar Katsina ke nan ya shiga Zamfara, kuma cikin garuruwan farko da zai tarar a bakin kwalta akwai Kucheri, ta ƙaramar hukumar Tsafe. Gaba kaɗan sai Tsafe kanta, sai duwatsun Kwatarkwashi a ƙasar Bunguɗu, sannan Gusau. A 'yan shekarun nan an fi jin sunayen waɗannan garuruwa a labaran tare hanya da satar mutane. Amma ta wannan hanya, ita da layin dogo da ya ratsa yankin, duk wani shiri na koya wa manya karatu ya shigo gabashin tsohon Lardin Sakkwato, ko a Landan aka tsara shi, ko a Faris, ko a Kaduna, ko a Abuja. Kusan shekara 80 ke nan ana kawo irin waɗannan shirye-shirye, kowanne da sunansa da motarsa da wa'adinsa.

Baƙin ba su tarar da ƙasar a duhu ba. Kusa da Tsafe 'Yandoto take, garin da ya yi suna da malamai tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, lokacin yankin yana ƙarƙashin sarautar Katsina. Almajirai kan taso daga nesa su zo ɗaukar karatu a can. Da jihadi ya tashi a 1804, malaman yankin suka rabu, wasu suka bi Shehu, da yawa suka ƙi, har wajen 1806 Muhammadu Bello ya zo da runduna ya ci garin, malamai suka watse. Cikin waɗanda suka bi Shehu akwai Malam Sambo Ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau. Wannan tsohuwar alaƙa ce ta sa har gobe sarautar Gusau Sarkin Katsina ce, ta Tsafe kuwa 'Yandoto. Daular da ta biyo baya ta rubutu ce: da Larabci ake shari'a da wasiƙun mulki, da ajami ake wa'azi cikin Hausa da Fulatanci. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajiyoyi ta ɗora musu malafa, suna zaga ƙauyuka suna koyar da matan aure addini ta hanyar waƙoƙin da ta tsara. Ilimin manya ke nan, da tsarinsa da malamansa, ba tare da sisin wata ƙasa ba.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sai takardar da ke da iko ta sauya haruffa. Mulkin mallaka ya zaɓi a rubuta Hausa da boko, Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka fara horar da 'ya'yan sarakuna da malamai don aikin En'e. A ƙasar Gusau abin da ya fi kowace makaranta sauya rayuwa shi ne jirgin ƙasa. Layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga. Kamfanoni suka buɗe kantuna, aka kafa injin gurzar auduga a Gusau, akawuna suka zo daga Kudu suka cika Sabon Gari. Manomin Kucheri ya kai audugarsa gaban sikeli, akawu ya dubi lamba ya rubuta, shi kuwa yana tsaye yana kallon bakin alƙalami. Ya biya haraji a ba shi rasit, bai san ko abin da ya bayar aka rubuta ba. Mai yiwuwa wannan manomi ya sauke Alƙur'ani, yana iya rubuta wa ɗan'uwansa wasiƙa da ajami, amma a gaban sikelin nan iliminsa bai tsinana masa komai ba. Ƙidayar jama'a ta 1952 ta ware masu karatu da haruffan Larabci daga masu boko, kuma a Arewa na farkon suka fi yawa.

Akwai wanda ya ga wannan da idonsa a Gusau. A 1938 aka turo Ahmadu Bello, yana sabon Sardauna, ya zauna a garin yana duba gundumomin gabas a madadin Sarkin Musulmi. A can ne a 1943 aka tuhume shi kan kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa hukunci, ya ɗaukaka ƙara a Zariya aka wanke shi. Mutumin da zai zama Firimiyan Arewa a 1954 ya riga ya san yadda takardar haraji kan ɗaure mutum ko ta kwance shi.

Tunanin koya wa talakawa manya boko daga Landan ya fara fitowa, a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1943 wani kwamiti na Ofishin Mulkin Mallaka ya kammala rahoto kan ilimantar da jama'a baki ɗaya a Afirka, yana cewa makarantar yara kaɗai ba za ta isa ba. Ingila na buƙatar gyaɗa da auduga, ga sojojin da aka kai Bama suna dawowa idonsu a buɗe, ga 'yan siyasar Kudu sun fara kiran mulkin kai. Da kuɗin dokar raya ƙasashen mallaka aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadar Zariya a 1945, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ke gyarawa tun 1939, ta sami gida. A 1946 aka naɗa wani Bature, A. J. Carpenter, jami'in ilimin jama'a na Nijeriya, aka fara gwaji a wasu 'yan wurare.

Gwajin bai zama yaƙi ba sai da 'yan Arewa suka karɓe shi. A watan Agusta na 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, yana kukan cewa talaka bai san haƙƙinsa ba, balle ya neme shi. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya aka kafa kwamitin Yaƙi da Jahilci, aka baza aikin a dukkan lardunan Arewa, kuma sunan da ya fi manne wa wannan aiki shi ne na Malam Ahmadu Kumasi, mutumin Katsina. Aka kuma kafa hukumar NORLA a Zariya, aikinta buga littattafai da jaridu masu sauƙi ta kai su kasuwanni. Kowane lardi da jaridarsa: Katsina na da Himma, Kano na da Sodangi, Zariya na da Bazazzaga, Lardin Sakkwato kuwa, wanda Gusau da Tsafe da Bunguɗu ke ciki, yana da Zaruma.

Ajin kansa ba wani abin kallo ba ne. Da rani aka fi yinsa, bayan an kai amfani gida, a zauren dagaci ko a gindin bishiya, bayan la'asar. Baƙin allo, alli, ɗan littafin farko. Malamin sau da yawa yaro ne da ya gama elemantare, ko malamin dagaci, En'e na biyansa ɗan alawus, ga oganeza yana zagayawa a kan keke yana duba rajista. Magidanta masu furfura suna bin bakin ɗan cikinsu suna haɗa baƙi da wasali. Bayan 'yan watanni a yi jarrabawa a raba satifiket. Wani dare motar majigi ta iso, a kafa farin ƙyalle a ƙofar hakimi, a nuna yadda ake shuka auduga a layi da yadda ake tsabtace rijiya. Wanda ya ci jarrabawa yana iya duba rasit ɗinsa, ya karanta wasiƙar ɗansa da ke ci-rani ba tare da ya tona asirin gidansa ga maƙwabci ba, in da rabo ma ya sami aikin masinja ko ɗan doka.

A ganina, cikin dukkan shirye-shiryen da aka yi daga wancan lokaci zuwa yau, wannan na farkon ya fi fahimtar yadda karatu ke zama a kan babba. Masu shi sun gane cewa wanda ya koyi haɗa baƙi a wata shida, in bai sami abin karantawa ba, kafin damina biyu ya manta. Shi ya sa suka ba injin ɗab'i muhimmanci daidai da allo. Labarin garinku, farashin gyaɗa, wanda aka naɗa hakimi, ƙissar da za ta ba ka dariya, duk a kan kwabo ɗaya ko biyu. Sannan albashin malamin, komai ƙanƙantarsa, daga baitulmalin En'e yake fitowa, wato daga harajin mutanen da ke zaune a ajin.

Yana da nasa giɓin, kuma babba ne. Yaƙin na maza ne. Ajujuwan mata kaɗan ne ƙwarai, a zamanin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita, don sai a shekarun 1970 suka samu. Ko da yake NORLA ta buga wasu abubuwa da ajami, ma'aunin nasara boko ne, sai ga alaramma ana lissafa shi cikin waɗanda ake yaƙa, abin da ya sa malamai da dama suka ja baya suka ja almajiransu. Siyasa ma ta shiga. Hakimai ke riƙe da ajujuwan, su kuwa na jam'iyyar NPC ne, alhali wanda ya iya karatu babu mai hana shi karanta takardun jam'iyyar adawa ta NEPU da ke biyo jirgi zuwa Gusau da Ƙaura. A ranar zaɓe dai ba a dogara da karatun kowa ba: fartanya ce a jikin wannan akwati, tauraro a jikin wancan. NORLA ba ta iya ɗaukar nauyin kanta ba, aka rufe ta a 1959, jaridun larduna suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ajujuwa sun ci gaba, amma abin karantawa ya ragu.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 Nijeriya ta shiga UNESCO, baƙon ya sauya daga uban gida zuwa abokin hulɗa. A watan Satumba na 1965 ministocin ilimi na duniya suka taru a Tehran suka fito da sabon ra'ayi: kada a koya wa manomi karatu don karatu kawai, a haɗa shi da sana'arsa, ya koyi lissafin taki da awon amfanin gona. Daga wannan taro aka samo ranar yaƙi da jahilci ta 8 ga Satumba da ake bikinta kowace shekara. UNESCO da UNDP suka zuba kuɗi a babban gwaji a ƙasashe 11, ciki har da Mali da Tanzaniya da Habasha, daga 1967 zuwa 1973, kuma rahoton da su da kansu suka fitar daga baya ya nuna sakamakon bai kai abin da aka sa rai ba. Nijeriya a lokacin tana cikin yaƙin basasa. An rushe Jihar Arewa a 1967, ma'aikatar da ke riƙe da yaƙi da jahilci daga Kaduna ta rabu gida shida, ƙasar Gusau ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma, sannan Jihar Sakkwato a 1976. Abin da ya fi daɗewa daga wancan zamani bai zo da mota ba: taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 kan daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa, wanda ya soma kusanto da rubutun Maraɗi da na Katsina.

Kuɗin man fetur ya kawo shirin firamare ga kowa, wato UPE, a 1976, aka cika ƙauyuka da ajujuwan firamare kafin a sami malaman da za su shiga cikinsu. Manya kuwa sai da Abubakar Rimi ya zama gwamnan Kano suka sake samun mai tuna su da gaske. A 1980 gwamnatinsa ta kafa hukuma ta musamman don ilimin manya, irinta ta farko a ƙasar, wadda UNESCO ta karrama, sauran jihohi suka kwaikwaya. Ranar 8 ga Satumba 1982 Shugaba Shehu Shagari, tsohon malamin makaranta daga Lardin Sakkwato, ya ƙaddamar da gangamin shekara goma na kawar da jahilci a ƙasa baki ɗaya. Farashin mai ya riga ya fara faɗuwa. Ƙarshen 1983 soja suka kifar da gwamnatin, 1986 aka shiga tsuke bakin aljihu, gangamin ya rage a takarda.

Daga 1990 aka shiga zamanin manyan taruka. A watan Maris na shekarar, UNESCO da UNICEF da UNDP da Bankin Duniya suka tara ƙasashe a Jomtiyen ta Tailan aka yi alkawarin ilimi ga kowa kafin shekarar 2000. Nijeriya ta kafa hukumar ƙasa ta ilimin manya, NMEC, da doka mai lamba 17 ta 1990, shekara guda bayan ta kafa ta ilimin makiyaya. A 1993 aka sa ta cikin ƙasashe tara masu yawan jama'a da suka fi kowa yawan marasa karatu. A tsakiyar shekarun 1990 UNDP ta tallafa wa wani babban shiri na ilimin manya a jihohi. Ana cikin haka, ranar 1 ga Oktoba 1996, aka yanke Zamfara daga Sakkwato, Gusau ta zama babban birni, sabuwar jiha ta kafa tata hukumar yaƙi da jahilci. Da 2000 ta zo ba a cika alkawari ba, aka sake taruwa a Dakar aka ɗaga wa'adi zuwa 2015.

Duk wanda ya yi aiki kusa da waɗannan shirye-shirye ya san yadda suke tafiya. Mai tallafi ya kawo mota da babura, ya buga littattafai, ya ɗauki nauyin bita a otal, ya horar da masu horarwa. Yarjejeniya ta ce jiha da ƙananan hukumomi su ne za su biya malaman ajujuwa. Shekarar farko a biya. Ta biyu a fara bin bashi. Malamin da ke bin alawus na wata da watanni, alawus ɗin da ko an biya bai taka kara ya karya ba, sai ya koma gonarsa, kuma babu mai ganin laifinsa. Wa'adin shiri ya cika, a rubuta rahoto da adadin waɗanda aka yi wa rajista, ba adadin waɗanda bayan shekara biyu za su iya karanta takardar asibiti ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Ban ce masu tallafin sun yi da mugun nufi ba. Da yawa cikin ma'aikatansu 'yan ƙasa ne masu kishi, kuma littattafan da suka bari sun yi amfani. Amma akwai abu biyu da ba a taɓa iya shigo da su daga waje ba: albashin da ba ya yankewa, da dalilin da zai sa magidanci ko matar aure su ci gaba da buɗe littafi bayan an raba satifiket.

Wannan dalili, a shekarun da ake ta taruka, daga wani wuri dabam ya fito. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan Gummi ta ƙasar Zamfara, ya shafe shekaru yana nanatawa a tafsirinsa na rediyon Kaduna cewa neman ilimi wajibi ne a kan mace kamar yadda yake a kan namiji, kuma ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausar boko. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta buɗe makarantun matan aure. 'Yan ɗariƙu da suka soki abin da farko su ma suka buɗe nasu. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN ta zo a 1985. Mijin da ba zai bar matarsa ta je ajin gwamnati ba, sai ga shi yana biya mata kuɗin wata na Islamiyyar dare ko ta Asabar da Lahadi. A can ta koyi baƙaƙen Larabci, da yawa kuma suka koyi boko don su bi fassarar hadisi da littattafan fiƙihu na Hausa. A daidai lokacin littattafan soyayya suka ɓarke daga Kano, ana sayar da su a kasuwa ana ba da hayarsu, suna yawo daga ɗaki zuwa ɗaki. Malaman jami'a sun yi ta kushe su, amma sun yi aikin da Zaruma ta bari: sun ba wadda ta koyi karatu abin da take ɗokin karantawa. Ɗaya daga cikin fitattun marubutansu, Balaraba Ramat Yakubu, an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure, a ajin manya ta ƙarasa karatunta. Ra'ayina shi ne, in da za a bi gidajen Tsafe da Bunguɗu a tambayi matan da suka iya karatu inda suka koya da abin da ya hana su mantawa, Islamiyya da waɗannan littattafai, sai kuma wayar hannu a baya-bayan nan, za su riga kowane shiri mai dogon suna fitowa daga bakinsu.

Gwamnatin farar hula ta dawo, Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin matakin farko na UBE a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, ta kuma ambaci ilimin manya cikin abin da ake nufi, amma kuɗin ta hannun hukumomin firamare yake bi, a gini da kujeru da kwangila yake ƙarewa. An gwada koyarwa ta rediyo bisa tsarin da aka aro daga Kyuba. Bayan ƙasashen Kulob ɗin Faris sun yafe wa Nijeriya bashin dala biliyan 18 a 2005, gwamnati ta ɗebi dala miliyan 6 da 'yan kai daga rarar ta damƙa wa UNESCO, aka fara shirin farfaɗo da karatun manya da matasa a 2012, da burin kaiwa ga mutum miliyan 4 zuwa 5. A lura da wannan: kuɗin na Nijeriya ne, amma sai da aka ba baƙo ajiyarsa kafin a amince zai isa inda aka nufa. Ko an raba shi daidai, bai kai dala biyu a kan kowane ɗalibi ba.

Su kansu masu tallafin hankalinsu ya koma kan yara, musamman mata. Daga 2012 zuwa 2022 UNICEF ta gudanar da kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata da kuɗin Birtaniya, a Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato da Zamfara, daga baya aka ƙara Kano, kuma ta ce yara mata miliyan ɗaya da rabi suka shiga makaranta a sanadinsa. A ƙarƙashinsa aka fara RANA a Katsina da Zamfara a 2015, shirin koyar da karatu da lissafi da Hausa a ajujuwan farko na firamare da makarantun allo da suka yarda a haɗa musu da boko. An rubuta darussa da gajerun labarai da Hausa mai kyau, an horar da malamai yadda ake koyar da sautin harafi kafin sunansa. An ba 'yan matan karkara tallafin karatun NCE da sharaɗin su koma ƙauyukansu su koyar, a Zamfara, jihar da ke da kwalejin ilimi a Maru da ta tarayya ta mata zalla a Gusau. Wannan shiri ya gyara kura-kurai biyu na 1950: ya shiga da mata, kuma ya je wurin alaramma da girmamawa maimakon ya lissafa shi cikin matsala. Sai dai ya dogara ƙwarai da ƙungiyoyin iyaye mata, su bi gida-gida su tabbatar yarinya ta je aji, alhali mafi yawan waɗannan iyaye ba za su iya duba littafin da 'yar ta kawo gida ba.

Tsafe ta ga wannan giɓi ta wata fuskar. Daga 2013 zuwa 2019 ƙungiyar Save the Children, da kuɗin Birtaniya, ta gudanar da shirin tallafa wa masu juna biyu a ƙananan hukumomi biyu na Zamfara, Anka da Tsafe. Ana ba mace naira 3,500 duk wata, daga baya 4,000, har yaronta ya cika shekara biyu, tare da wayar hannu. Shiri ne na abinci mai gina jiki, ba na karatu ba, kuma ya taimaki gidaje da yawa. Amma dubi yadda aka tsara shi: da dangwala yatsa ake karɓar kuɗi, nasihar kiwon lafiya kuwa da baki ake isar da ita, a taron mata da wa'azi da saƙon murya. Masu shirin sun san da wa suke hulɗa. Shekara sittin bayan motar majigi, jikar wancan manomi tana tsaye gaban mai biyan kuɗi kamar yadda kakanta ya tsaya gaban sikeli.

Sai kuma bindiga ta shigo. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe. Farkon Satumba aka sake kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. A Satumba 2023 aka shiga Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bunguɗu aka ɗauki ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ajin manya ya fi na yara saurin mutuwa a irin wannan hali, domin lokacinsa yamma ne ko dare, malaminsa kan zo a babur daga wani gari, ɗalibansa kuwa su ne masu neman kuɗin fansa da na harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka kafin a bar su su yi noma. Jami'an ƙungiyoyin waje da dokar aikinsu ta hana su bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba rakiya, sukan tsaya a babban birni su karɓi rahoto ta waya. Ƙauyukan da suka watse sun tura mata da yara cikin Tsafe da Gusau, inda, abin takaici, suka fi kusa da aji fiye da lokacin da suke gida, in da akwai mai buɗe musu shi.

A watan Nuwamba na 2023 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Zamfara, aka shiga gyaran makarantu. Taimakon waje kuwa ja da baya yake yi. Birtaniya ta rage kason da take warewa a 2021, ta sake sanar da wani ragin a 2025, shekarar da Amurka ta rushe hukumarta ta USAID. Babban kuɗin da ya rage na Bankin Duniya ne: dala miliyan 611 na shirin BESDA da aka amince da shi a 2017 don mayar da yara makaranta a jihohi 17, da shirin AGILE na 'yan mata, wanda ya fara da dala miliyan 500 a 2020, aka ƙara masa miliyan 700 a 2023 aka shigar da Zamfara. Waɗannan rance ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba, kuma daga asusun ƙasa za a biya, wato har da rabon mutanen Kucheri. AGILE na da sashen ba da dama ta biyu ga 'yan matan da aure ko talauci ya fitar daga makaranta. Magidanci ɗan shekara arba'in da uwar 'ya'ya biyar ba sa cikin lissafinsa. Su har yanzu suna hannun hukumar yaƙi da jahilci ta jiha da sassan ilimi na ƙananan hukumomin Tsafe da Bunguɗu da Gusau, kuma ko za a buɗe musu aji a ranin bana ya rataya ne a kan ko an sa alawus ɗin malaminsu a kasafin kuɗi, an kuma sake shi.